An Harbe Baba Ishaku Yana Tsakiyar Ɗori

Da safen nan labarin ya same ni. Ina bakin tasha nan Kontagora, na ɗauki fasinja ke nan zan tayar da mashin, waya ta yi ƙara. An kashe Baba Ishaku mai ɗori.

Na ce wa fasinjan ya sauka. Bai yi musu ba, ina jin fuskata ya gani.

Malam Garba ne ya kira ni, maƙwabcin Baba, danga ɗaya ta raba gidajensu. Ya ce jiya da la'asar 'yan bindiga suka shiga ƙauyen a kan mashina suna harbi ta ko'ina. Sai da gari ya waye ya samu sabis. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, wanda ya san bayan Ibeto ya san inda nake nufi.

Jama'a, a gurguje nake rubutun nan. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, amma ku karanta har ƙarshe, don akwai ran mutum a cikin maganar nan. Baba dai ya riga ya tafi gida. Wani ne ake shirin ƙonawa a ƙofar ɗakinsa yanzu haka.

Bari in fara gaya muku ko wane ne Baba, ga waɗanda ba su san shi ba.

Ƙafar nan tawa ta dama da nake taka burki da ita, shi ya haɗa ta. Wata damina ce na ɗauko buhun masara daga Nasko, ina irin gudun nan namu na 'yan acaɓa marasa jin magana, taya ta zame a laka, mashin da buhu suka danne ni. Da kunnena na ji ƙwaurina ya karye, kamar an karya rake. Aka kwashe ni sai gidan Baba.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin ɗorinsa ya san halinsa. Ba ya ce maka ka daure. Zai shafa man kaɗanya a hannu, ya kama ƙafar a hankali kamar ba abin da zai yi, sai ya jefo maka tambaya.

"Ayuba, faɗa min abin da kake gode wa Allah a kai yau."

Na ce, "Yau, Baba? Da ƙafata a karye?"

Ya ce, "Wuyanka fa?"

Na buɗe baki zan ce to, na gode da wuyan bai karye ba. Ai ban kai ƙarshe ba ya ja. Ihun da na kurma sai da kajin gidan suka watse. Da na dawo hayyacina sai na gan shi yana jera karan ɗori yana min dariya, wai ka ga, kana cikin godiya aka gama.

Kowa haka yake yi masa. Kirista, Musulmi, ɗan gari, baƙo. In ka ce alhamdu lillahi, kafin ka rufe baki ya ja.

Doka ɗaya ce a ɗakin nan, kuma ba a wasa da ita. In Baba ya ja ƙashi ya koma mazauninsa, sai ya miƙa wa mai riƙo ƙafar, shi kuma ya shiga jera kara yana ɗaurewa. Mai riƙo ba ya saki sai an gama ɗauri, ko da kunama ce ta harbe shi. In ya saki, ƙashin ya goce, kuma karo na biyu ya fi na farko muni. A lokacin Iliya ne mai riƙo, ɗan Baba na biyu, wanda Baba ya riga ya koya wa ɗauri. Shi ya riƙe tawa.

Na daɗe a ɗakin nan. Dattijo mai furfura, shi da kansa yake fitar da tukunyar fitsarina, in na ce ina jin kunya ya ce in ajiye kunyar sai na warke. Matarsa Mama Rifkatu tana dama mana kunu kamar ita ta haife mu. Makullin mashin ɗina kuwa ɓoye shi ya yi, don ya san ni. In aka kawo wanda ƙashi ya huda fata ba ya taɓawa, sai ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi asibiti Kontagora. Kullum da safe yana tsayawa a bakin ƙofa ya yi mana addu'a, rabi da Kambarci rabi da Hausa, yana kiran sunan kowa.

To, ina kwance a ɗakin ne aka kawo Tanko.

Kafin wannan damina, 'yan bindiga sun kashe Markus, babban ɗan Baba. A gonar doya suka same shi. Suka ce ya nuna musu inda ya ɓoye shanun huɗa, ya ƙi. Suka ɗaure shi da igiyar shanun, suka yanka shi a tsakanin kunyoyi. Baba ne ya je ya ɗauko shi a kafaɗa.

Daga baya ta fito cewa ɗan gari ne ya nuna musu gonar. Tanko, mai sayar da fetur a kwalabe bakin hanya, wanda aka yi wa baftisma a coci ɗaya da Markus. Da bakinsa ya amsa.

Ranar kasuwa aka kama shi. Daga inda nake kwance ina jin ihun mutane. Da taɓarya suka karya masa ƙafafu duka biyu, suka zubar masa da haƙora, suka rataya masa taya. Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ashana ta ƙi kamawa. Suka watse suka bar shi a laka, a zatonsu ba zai kai yamma ba.

Uwarsa, tsohuwa tukuf, ita ta ɗora shi a baro ta turo. Duk yankin ba wani mai ɗori sai Baba. Ta zo ƙofar gida ta tsaya, ta kasa ko sallama.

Ta ƙofar ɗaki nake kallo. Mama Rifkatu ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Iliya ya zaro adda daga jikin rumbu. Baba ya fito ya tsaya kan baron, ya daɗe yana kallon abin da ke ciki.

Ya ce, "Iliya, ajiye wannan. Zo ka riƙe."

"Baba, wannan ne fa ya sayar da Markus."

"Na fi ka sani. Ni na ɗauko shi daga gona."

"To sai dai ka nemi wani mai riƙon."

Iliya ya yi jifa da addar ya fice. Daga ranar ya bar aikin ɗori, ya shiga 'yan sa-kai, ya koma kwana a bakin hanya da bindigar toka.

Kun san wa ya riƙe? Mama Rifkatu. Ba wanda ya ce mata ta zo. Ta durƙusa ta kama ƙafar mutumin nan, ta juya fuskarta bango, tana kuka ba sauti har aka gama ta farko aka koma ta biyu.

Kuma Baba bai fasa tambayarsa ba. Ya ce, "Tanko, me kake gode wa Allah a kai yau?"

Tanko jini na zuba a bakinsa ya ce, "Baba, ka kashe ni kawai."

Baba ya ce, "To bari in yi maka. Na gode wa Allah da ashana ta jiƙe." Ya ja.

Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da tawa. Kusa da tawa fa, jama'a! Markus abokina ne, tare muka koyi mashin. Washegari da Baba ya shigo duba mu na ce masa, "Baba, ka gafarce ni, amma wannan ya wuce haƙuri. Ko a fitar da shi ko a fitar da ni."

Ya zauna bakin tabarmata yana taɓa yatsun ƙafata ya ji ko sun yi sanyi. Ya ce, "Ayuba, ka ɗauka daɗi nake ji? Duk sanda na taɓa shi, wuyan ɗana nake gani. Amma ni ma a karye aka kai ni wurin Yesu, bai tambaye ni garin yaya ba."

Na ce, "Yanzu ka yafe masa ke nan?"

Ya ce, "Na yau dai na yafe. Gobe da safe sai na sake, don na jiya ba ya kai ni yau."

Ban kuma yi wa Tanko magana ba har na bar ɗakin, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Kada wani ya ce Baba ya ɓoye mai laifi. Da Tanko ya fara takawa, Baba da kansa ya raka shi wurin hukuma. Aka tsare shi, daga baya aka sake shi. Ya dawo ƙauye ba mai sayar masa ko gishiri. A coci in ya zauna a benci sai kowa ya tashi, Baba kaɗai ke zuwa ya zauna kusa da shi. Da yake wurin mai riƙo ba kowa, sannu a hankali Tanko ya zama mai riƙo. Wannan ya ƙara ƙona ran Iliya, ko gidan ya daina zuwa.

Makon jiya na ga Baba gani na ƙarshe. Ya shigo Kontagora sayen bandeji, na gan shi a kasuwa na ce ya hau in kai shi tasha. Duk hanya yana dukan kafaɗata.

"Rage gudu, sarkin gudu! Ba ni da wata ƙafar da zan ba ka."

Da ya sauka na ce, "Baba, ku dawo cikin gari mana. Kowa tasowa yake yi."

Ya ce, "Masu karyewa ba su taso ba ai."

Ya zaro ƙaramin gwangwani na man kaɗanya ya ba ni, wai in riƙa shafawa in sanyi ya kama ƙwaurin. Har ya juya sai ya dawo.

"In ka ga ƙaninka Iliya ka gaishe shi. Ka san hannunsa ya fi nawa? Ɗaurinsa bai taɓa kwancewa ba. Kada dai ka gaya masa na faɗa, kansa zai kumbura."

Ya yi dariya ya shiga mota. Shi ke nan.

Ga abin da ya faru jiya, yadda Malam Garba ya gaya min, shi kuma daga bakin Mama.

'Yar Malam Garba, Hadiza, ƙaramar yarinya, ta faɗo daga bishiyar mangwaro ta karya cinya. Aka kai ta ɗakin ɗori. Baba ya ja ya daidaita, ya miƙa wa Tanko ƙafar, ya fara jera kara. Malam Garba ya koma gida ɗauko tsumma. Sai harbi ya tashi. Gari ya watse, kowa ya yi daji. 'Yan bindigar suka tare ƙofar gidajen biyu, Malam Garba bai samu hanyar komawa ba. Yana gaya min yana kuka kamar yaro.

Mama ta shige bayan randa a cikin ɗakin. Mutum biyu suka banke ƙofa. Suka ce wa Baba ya tashi ya bi su, suna da wanda ya karye a daji.

Ya ce, "Ku bari in gama ɗaure yarinyar nan, sai in bi ku."

Ɗaya ya kwaɗa masa gindin bindiga a ka. Jini ya rufe masa ido, bai ɗaga hannu daga kan karan ba. Ya ce saura kaɗan. Ɗayan ya harbe shi a ƙirji.

Mama ta ce ko da zai faɗi, gefe ya karkata don kada ya danne ƙafar. Abin da ya faɗa na ƙarshe, Tanko ya faɗa wa: "Kada ka saki."

Suka kalli Tanko, suka fita. Suka ƙone rumbuna, suka kora shanu da mutane. Faston ƙauyen ma yana cikin waɗanda aka tafi da su.

Tun jiya da la'asar har zuwa yanzu da nake rubutun nan, Tanko bai saki ba. Yana zaune a ƙasa da ƙafar yarinyar a hannunsa, jinin Baba ya bushe a wandonsa. Hannuwan sun kumbura. Mama ce ke ba shi ruwa a baki. Riƙo kawai ya iya, bai iya ɗauri ba. Ɗaurin cinya kuwa in ya yi tsauri ƙafa ta mutu, in ya yi sako-sako ƙashi ya goce. Ba motar da ta yarda ta shiga hanyar balle a kawo yarinyar asibiti. Mutum ɗaya ne ya rage a duk yankin da ya iya ɗaurin nan, shi ne Iliya.

Iliya kuwa ya iso da safe tare da 'yan sa-kai. Ya tarar an fito da ubansa tsakar gida, ya buɗe zanin da aka rufe shi da shi, ya mayar. Samarin da suka fito daga daji suka taru a tsakar gida. Magana ɗaya suke yi: me ya sa ba a harbi Tanko ba? Ai nasu ne. Shi ya sake kawo su, da ƙafafun da Baba ya ɗora masa ya je ya kira su. Sun kawo jarkar fetur. Sun ce a fito da shi, yau ba ruwan sama.

Mama Rifkatu ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafafu. Mijinta ko wanka ba a yi masa ba. Ta ce wanda zai shiga sai dai ya taka ta.

Za ku tambaye ni, Tanko ne ya kawo su? Ban sani ba. Allah ya sani ban sani ba. Ya taɓa yi, zai iya sakewa. Da na ji labarin, abin da ya fara zuwa raina shi ne a ƙone shi, ni ma in kai nawa fetur ɗin. Abin da na sani kawai shi ne ƙofa a buɗe ta kwana, daji yana nan bayan gida, bai gudu ba.

Na ga abin da wasu ke rubutawa a Fesbuk tun ɗazu. "A gama da shi." "A yi maganinsa." Kuna cikin gari kuna shan shayi kuna tura yaran mutane su yi kisa. Ba ku ne za ku kwana da warin ba. Don Allah ku goge.

Iliya, ƙanena. Na kira ka har wayata ta yi zafi, ba ka ɗauka ba. Na san kana ganin rubutun nan, ko wani na kusa da kai zai karanta maka.

Ba zan ce maka kada ka yi fushi ba. An yanka yayanka, an harbe ubanka. In ka ce Allah ya yi maka shiru, ba zan yi maka wa'azi ba, ni ba fasto ba ne, ɗan acaɓa ne. Ƙaunar Allah da ake faɗa mana a coci ma ni ban gane ta sosai a kan bagadi ba. A ɗakin nan na gan ta, kuma ba ta yi min daɗin kallo ba. Da jini a jikinta take, da uwarka tana kuka tana kallon bango.

Ban ce ka yafe wa Tanko har abada ba. Ubanka ma bai iya wannan ba, na kwana ɗaya ɗaya yake yi. Na yau kawai nake roƙon ka. In yana da laifi, a miƙa shi inda ya kamata da ransa. In ka ƙone shi kuma ta fito ba shi ba ne, ina za ka sa kanka? Ko shi ɗin ne ma, Mama ɗa ɗaya ya rage mata, kada ka mayar mata da shi mai kisa a ranar da za ta binne mijinta.

Kuma ga shi na gaya maka abin da ubanka ya ce kada in gaya maka, cewa hannunka ya fi nasa. Allah ya sa ya yafe min.

Ina cikin rubutun nan Malam Garba ya sake kira. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya ce Iliya ya zo bakin ƙofa ya ce, "Mama, matsa." Ta kalle shi ta daɗe, sannan ta janye ƙafafunta. Ya shiga da bindigar. Ya jingina ta a bango, inda hannunsa zai kai. Ya durƙusa gaban Tanko, gwiwa da gwiwa, bai kalli fuskarsa ba. Ya taɓa yatsun yarinyar. Ya ce a ɗora ruwan zafi, a kawo sabbin kara, waɗancan sun ɓaci da jini.

Yanzu haka ɗauri yake yi.

In ya gama, Tanko zai saki ƙafar, hannun Iliya ma zai zama ba komai a ciki. Bindiga na nan a bango, samari na nan a tsakar gida da jarkarsu. Abin da zai faru a lokacin, ba wanda ya sani.

Ni dai na cika tanki, hanyar Ibeto zan kama yanzu. Ba zan riga ɗaurin ƙarewa ba, ko da wane irin gudu zan yi. Addu'a ce kaɗai za ta riga ni isa.

Ya Uba, mun gode maka domin ran bawanka Ishaku. Mun gode domin kowace ƙafa da kowane hannu da ya bi ta ɗakinsa. Ka karɓe shi ya huta a wurinka. Ka ta'azantar da Mama Rifkatu. Ka warkar da Hadiza, ka dawo da waɗanda aka kora daji. Waɗanda suka yi harbin nan, bakina ya kasa roƙa musu komai yau, na bar maka su. Amma Iliya, ya Uba, ka riƙe hannunsa. Ka riƙe shi kada ka saki. A cikin sunan Yesu.

Duk wanda ya karanto har nan, Kirista ko Musulmi, kada ka tsaya rubuta min ta'aziyya. Ajiye wayar, ko a kasuwa kake ko a kan hanya, ka kira sunan Iliya ɗan Ishaku a gaban Allah. Yanzu, tun bai ƙulla igiyar ƙarshe ba.

Amin.